Kafin ka cakuɗa darussan 'yan Buddha, fara tambayar gidansu

Wata Asabar da la'asar, cikin zafin Afrilu irin wanda fanka ba ta kawo komai sai huci, ɗan yayata mai karatun aikin jinya ya same ni a zaure a Mabera, ya miƙo mini wayarsa. Ya ce, "Kawu, kai da ka zauna cikin mutanen nan, duba mini wanga abu. Wannan ya ce in rufe ido, wancan ya ce kada in rufe. Wa zan bi?"

Rashin barci ne ya dame shi lokacin jarrabawa, wani ya ce masa ya gwada zaman lura da numfashi. Daga manhaja ɗaya ya koma uku, daga nan ya faɗa YouTube. Na duba. Akwai wani Bature mai sanyin murya yana cewa a rufe ido a bi numfashi a bakin hanci. Akwai wani dattijon Japan cikin baƙar riga yana cewa a fuskanci bango, a bar ido a ɗan buɗe, kada a bi komai. Na ukun mutumin Tibet ne, yana cewa a sawwara wani haske bisa kai ana maimaita wasu kalmomi. Yaron nan duk ya haɗa su a zama ɗaya na minti ashirin, ya tashi da ciwon kai.

Ni Musulmi ne, ɗan Sakkwato, kuma ban taɓa yin addinin Buddha ba. Amma na yi shekara huɗu ina karatu a tsibirin Pinang na ƙasar Malesiya, teburina kuma a ɗakin gwaje-gwaje yana manne da na wani abokina ɗan asalin Sin, wanda ya kwashe waɗannan shekarun yana fama da tambayar da yaron nan ya kawo mini: wace hanya zai bi a cikin addininsu, kuma ana iya haɗa biyu? Abin da na gani a wurinsa, da abin da na karanta saboda shi, su zan shimfiɗa, don mai tafiya Asiya karatu ko fatauci, da wanda abin ya iske shi a waya.

Abu na farko, duk wata dabara da aka miƙo maka, tambayi gidanta. Wace ƙasa, wane malami, shi kuma wa ya koya masa. Mu nan mun saba da wannan. Ba a karɓar karatu ba a san silsilarsa ba. Addinin Buddha daga mutum ɗaya ya faro, Siddata Gotama, wato Buddha, wanda aka haifa a Lumbini cikin Nefal ta yau, ya fara wa'azinsa a Sarnat kusa da Baranasi, ya rasu a Kushinagar yana da shekara 80, ƙarni biyar ko kusa da haka kafin Annabi Isa. Amma abin da ya bari ya rabu manyan gidaje uku, kuma a Pinang ana ganinsu da ido. Akwai wani ɗan titi da ake kira Lorong Burma. A hannu ɗaya wurin ibadar mutanen Tailan ne, da gunkin Buddha a kishingiɗe mai tsawon mita 33. Ka tsallaka titi, taku kaɗan, sai na mutanen ƙasar Bama (Myanmar ta yau), wanda aka kafa tun 1803. Waɗannan biyun gida ɗaya ne, Terawada, na Siri Lanka da Tailan da Bama da Lawos da Kambodiya. Littattafansu da harshen Pali suke, suna kiransu kwando uku, kuma a Siri Lanka aka fara rubuta su a ƙarni na ɗaya kafin miladiyya. Limaminsu, wanda suke kira biku, yana ɗauke da dokoki 227, ba ya aure, ba ya cin abinci in rana ta wuce tsaka, da safe kuma yakan fita da ƙoƙonsa a zuba masa. Ranar da na fara ganin wannan sai almajiranmu suka faɗo mini a rai, ko da yake kama da wane ba ta wane.

Gida na biyu Mahayana, na Sin da Koriya da Japan da Biyetnam da Taiwan. Na uku Wajirayana, na Tibet da Butan da Mongoliya, wanda a haƙiƙa reshe ne na Mahayana da ya ƙara nasa sirrin. Gidan Dalai Lama ke nan, jagoran addini na Tibet, wanda ya gudu Indiya a 1959. Tufafi ma suna faɗa maka. Mayafi ruwan goro ko ruwan ƙasa, kafaɗa ɗaya a waje, na Tailan ko Siri Lanka ne, kuma limaman daji na Tailan da itacen wata bishiya suke rina nasu. Ja mai duhu na Bama ne, in kuma da rawaya a ciki to Tibet. Riga mai dogon hannu, toka-toka ko ruwan ƙasa, ta Sin. Baƙa ta Japan. A Japan ɗin ma limamai suna aure, musamman tun bayan wata dokar gwamnati ta 1872, abin da bikun Tailan zai ji ya riƙe baki. Na Sin ba sa cin nama sam, na Tailan kuwa abin da aka zuba musu shi suke ci.

Da ka gane gidan, sai tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi: ina wannan hanya take cewa za ta kai mutum, kuma da ƙarfin wa? A nan ne abokina ya sha wuya.

Mahaifiyarsa tana da wani ɗan akwati na roba a kicin, bai kai rediyon aljihu ba, yana aiki da batir. Dare da rana yana rera kalma ɗaya: Namo Amitofo, Namo Amitofo. Na ci abinci a gidan sau da yawa (sukan saya mini nawa daga shagon wani Musulmi ɗan Indiya, Allah Ya saka), kuma ban taɓa jin akwatin ya yi shiru ba. Ita 'yar hanyar da ake kira Ƙasa Mai Tsarki ce, reshen Mahayana da ya fi kowane yawan jama'a a gabashin Asiya. Imaninsu shi ne akwai wani Buddha mai suna Amitaba (Amitofo da harshen Sin) da ya yi alkawarin duk wanda ya kira sunansa da gaskiya za a sake haifarsa a ƙasarsa, inda tsira ke da sauƙi. Dogaro ne ga wani. A Japan wani malami mai suna Shinran, wanda ya rayu daga 1173 zuwa 1263, ya kai wannan magana ƙarshenta: a wurinsa, mutum ya ɗauka ƙoƙarinsa ne zai fisshe shi, wannan ɗin ma shi ne cikas.

Shi kuwa abokin nawa, mai karatun kimiyya, sai ya ga abin na tsofaffi ne. Ya tafi jihar Pahang ya yi zaman kwana goma na wipassana, wato lura da abin da ke faruwa a jiki da zuciya, a tsarin Goenka, wani ɗan kasuwa ɗan asalin Indiya da aka haifa a Bama a 1924, ya koma Indiya da koyarwa a 1969, ya rasu a 2013. A can ana karɓe waya. Ana tashi ƙarfe 4 na asuba. Ba magana har kwana tara, ko haɗa ido ba a yi. Kwana uku na farko numfashi kawai ake kallo a bakin hanci, ranar ta huɗu a fara bin jiki daga kai zuwa ƙafa ana lura da duk abin da aka ji, ƙaiƙayi ne ko zafi, ba a so ba a ƙi. Awa goma a rana, ko kusa. Ba a biyan kuɗi, sai wanda ya gama ya ba da abin da ya ga dama. Saƙon da ke ƙarƙashin wannan duka shi ne: babu mai yi maka, kai za ka yi wa kanka.

Ya dawo ya rame, idonsa ya yi wani irin haske, abin da ya fara yi kuwa shi ne ya kashe akwatin uwarsa. Sun yi wata biyu gaisuwa kawai ke haɗa su. A ɗakin gwaje-gwaje ya ishe ni da bayani, ni kuwa na ce masa a garinmu ko me ka karanto ba ka kashe wa uwarka rediyo.

Abin lura a nan, su biyun duk 'yan Buddha ne, duk sun yarda da dokoki biyar na mutumin gida: kada ka kashe rai, kada ka yi sata, kada ka yi lalata, kada ka yi ƙarya, kada ka sha abin maye. Duk sun yarda rayuwa tana tattare da wahala, kwaɗayi ne tushenta, kuma akwai mafita. Amma ɗaya na cewa miƙa wuya ga alkawarin wani, ɗaya na cewa tashi ka yi da kanka. Haka kuma burin Terawada shi ne mutum ya zama arahat, ya fita daga zagayen haihuwa da mutuwa. Ɗan Mahayana kuwa alkawari yake ɗauka na zama bodisatwa, ba zai nemi tsira shi kaɗai ba sai da dukkan halitta. Wanda bai san wannan ba zai ɗebo jimla daga nan, ya ɗebo daga can, ya rasa dalilin da suke karo.

To me ke haɗuwa, me ba ya haɗuwa?

Karatu yana haɗuwa. Ba wanda zai hana ɗan Zen, wani reshen Mahayana da ya shahara a Japan, karanta littattafan Pali, kuma da yawa suna yi. Ɗabi'a tana haɗuwa, kyauta da tausayi da tsare harshe duk gidajen suna da su. Abin da ba ya haɗuwa shi ne umarni biyu a zama ɗaya, kuma nan ne ɗan yayata ya faɗa. Dubi yadda suke. Tsarin Mahasi Sayado na Bama, wanda ya rasu a 1982, cewa yake ka sa hankali a ciki, in ya taso ka ce a zuci "tasowa", in ya sauka ka ce "sauka", in tunani ya zo ka ce "tunani". Komai sai ka raɗa masa suna. Goenka, wanda shi ma daga Bama ya ɗauko nasa, ya hana amfani da kowace kalma. Limaman daji na Tailan da yawa kalma ce ma sandarsu: "bud" in numfashi ya shiga, "do" in ya fita. Zen na Soto, wanda Dogen ya kawo Japan daga Sin a ƙarni na 13, cewa yake zauna kawai, fuska ga bango, ido a ɗan buɗe, kada ka nemi komai. Zen na Rinzai kuwa wata tambaya mai kama da kacici-kacici malami zai ba ka, ka yi ta tauna ta wata da watanni. Na Tibet ya ce gina hoto a zuciyarka dalla-dalla, har launin tufa da abin da ke hannu. Ka ga uku na farko duk Terawada ne, amma ko su ba su jituwa a tabarma ɗaya. Ba a tauna taura biyu a baki ɗaya, balle shida.

Saboda haka wanda yake cikin addinin kuma yake son ya zaɓa, shawarar da malamansu da kansu suke bayarwa ita ce ya zagaya tukuna, ya ziyarci wurare biyu ko uku, ya zauna da jama'arsu, ya ga yadda suke yi wa juna, sannan ya ɗauki ɗaya ya riƙe ta tsawon lokaci, watanni ko shekara, ba ya taɓa wata. Goenka yakan kwatanta mai tsalle-tsalle da mai haƙa rijiya da yake tona kamu kaɗan nan ya bari, ya koma can ya tona, har ƙarfinsa ya ƙare bai ga ruwa ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan masu haƙar rijiya a ƙasarmu mai tsauri ya san misalin ya zauna. Ni a ganina abin da ya fi yanke hukunci ba littafi ba ne, kusanci ne: wace hanya ce take da malami mai rai da jama'a a inda kake? Hanyar da sai a allon waya kake ganinta, in ka rikice ba mai kama hannunka.

Akwai kuma inda haɗawa ya zama karya alkawari. A gidan Tibet, manyan ayyukan sirri ba a shiga su sai da izini na musamman daga malami, a wani biki, kuma da izinin akwai alkawura da mutum zai riƙe har mutuwa, ciki har da girmama malamin da yin aikin kullum. Kafin a kai nan ma, a yawancin zuriyoyinsu sai ɗalibi ya gama share fage: faɗuwa ƙasa a miƙe sau dubu ɗari, da wasu ayyuka kowanne dubu ɗari. Mutum ya ɗauko irin wannan daga bidiyo ya liƙa a kan lura da numfashi, su kansu 'yan Tibet ba su ɗauke shi ya yi komai ba. Mu ma ai mun san ba a tsallake Ahalari a faɗa Muhtasar, mun kuma san wanda ya karɓi wuridin Tijjaniyya ba ya haɗa shi da na wata ɗariƙa. Ba ina daidaita addinan ba ne, Allah Ya kiyaye. Ina nuna cewa ƙa'idar riƙe hanya ɗaya ba baƙuwa ba ce a kunnen Basakkwace.

Duk da haka an haɗa, kuma an haɗa da kyau. A Pinang ɗin, a unguwar Air Itam, akwai babban wurin ibada na Kek Lok Si bisa tudu. Hasumiyarsa, wadda aka gama a 1930, gindinta ginin Sin ne, tsakiyarta na Tailan, kanta na Bama, kuma tana tsaye ƙyam. A Sin an fi shekara dubu ana haɗa Chan, wato uwar Zen, da kiran sunan Amitaba. Wani malami Yongming Yanshou da ya rasu a 975 yana cikin waɗanda suka fara ɗaure wa hakan gindi. Dabararsu tana burge ni: ka yi ta kiran sunan har hankali ya taru, sannan ka juyo ka tambayi kanka, wane ne wannan mai kiran? Sai kiran ya zama ƙofar tambayar. A gabashin Tibet kuma, a ƙarni na 19, Jamgon Kongtrul da abokinsa Jamyang Khyentse Wangpo suka tayar da wani yunƙuri da ake kira Rime, ma'ana rashin ɓangaranci. Mutane kan ɗauka sun dama komai ne wuri ɗaya kamar fura. A'a. Tattara koyarwar kowace zuriya suka yi, suka adana ta da sunanta da silsilarta don kada ta ɓace, kowa ya tsaya a gidansa yana girmama na maƙwabci. A zamaninmu akwai Tik Nat Han na Biyetnam, wanda ya kafa cibiyarsa a Faransa a 1982 ya rasu a 2022. Ɗan Zen ne, amma ya koyar da lura da numfashi daga tsofaffin nassoshin da Terawada ke ji da su. Abin da ya haɗa mutanen nan duka, kowannensu ya ƙoshi da gida ɗaya kafin ya leƙa na biyu, kuma ya san wanne ne tushe, wanne ne ƙari.

Malami kuwa, a kowane gida, a dube shi da idon da muke duba namu. In kuɗi ne a gaba, in yana raba ɗalibi da danginsa, in yana kaɗaita da matan mutane da sunan sirri, in ba ya iya faɗin wanda ya koya masa, a kama gaba. An sha samun irin wannan abin kunya a cibiyoyin Turai da Amurka, a gidan Zen da na Tibet musamman. Littattafan Tibet da kansu suna cewa ɗalibi ya yi shekaru yana nazarin malami kafin ya miƙa masa wuya.

Saura abin da ya shafe mu kai tsaye, wanda shi na fi daɗewa a kansa da ɗan yayata. Wancan Baturen mai sanyin murya, nasa daga asibiti ya fito. A 1979 wani masanin kimiyya, Jon Kabat-Zinn, ya ɗauko dabarun lura da numfashi da jiki daga malaman Zen da na wipassana, ya cire musu ibada, ya mayar da su darasin mako takwas ga masu fama da ciwo da damuwa a asibitin jami'ar Masacusets a Amurka. Manhajojin waya da yawa jikokin wannan ne. Wannan daban, shiga addini daban, kuma iyakar a bayyane take ga mai lura. In aka ce ka furta neman mafaka ga Buddha da koyarwarsa da jama'arsa, to da wannan furucin ne ake zama ɗan addinin. In aka ce ka rusuna wa gunki, ko ka kira sunan Amitaba, ko ka sawwara wani abin bauta ka maimaita kalmominsa, ka shiga ibada, ko da an ce maka motsa ƙwaƙwalwa ne. Addinin Buddha bai ginu kan Mahalicci ba, kuma yana musun rai mai dawwama. Wanda ya yi nisa cikin dabarun zai iske wannan koyarwar tana jiransa, don dabarun domin ta aka gina su. Zaman kwana goma na Goenka ma, duk da ana cewa kowa da kowa na iya zuwa, ƙa'idarsa a rubuce ta ce a ajiye duk wata addu'a da ibada da azumi da jan carbi har a gama. Musulmi ya san wannan tun kafin ya cika fom, ya kai maganar gaban malaminsa. Fom ɗin yana tambayar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ba don ado ba: dogon shiru yana iya tayar wa mai taɓin hankali ko tsananin damuwa da ciwonsa.

Ɗan yayata ya goge biyu a gabana, na Japan da na Tibet. Ta ukun ya ce zai nuna wa malamin da yake ɗaukar karatu wurinsa bayan magariba, ya kuma rage shayin dare, wanda ni tun farko shi na fi zargi.

Abokina kuwa, wata limamiya 'yar Sin ce ta raba gardamar, tsohuwa mai toka-tokar riga. Ta tambaye shi awa nawa yake zama a rana, ya ce biyu, safe da yamma. Ta ce ya riƙe abinsa kada ya sa komai a ciki, sauran awa 22 kuma ya bar tsohuwa da akwatinta. Ranar bikin Wesak da ya wuce, na tunawa da haihuwar Buddha, wanda hutu ne a Malesiya a watan Mayu, ya kira ni ta bidiyo daga kicin ɗin nan. Muna gaisawa ina jin akwatin a bayansa, muryar ta ɗan ja saboda batir ya yi sanyi, yana riƙe da waya da hannu ɗaya, ɗayan yana lalube a durowa yana neman sabo.